Sauke sau ɗaya, sabunta saba goma: yadda ake raba fakitocin sabuntawa a cikin gida

A ce kana kula da saba shida, wato kwamfutocin da suke yi wa sauran hidima, a ɗaki ɗaya, duka Ubuntu 24.04, ko a wani ofishi a Nima ko a ɗakin kwamfutocin wata makaranta a Madina Zongo. Ranar da aka fitar da sabon kanel, wato zuciyar tsarin Linux, kowace saba za ta miƙa hannu waje ta ɗauko nata. Fakitin linux-firmware kaɗai ya haura megabait 200, ga kanel ɗin kansa da 'yan rakiyarsa. Kaya iri ɗaya sak, amma ka biya kuɗin data sau shida, kuma duk tsawon lokacin mai kuɗi a ofis yana ta mita cewa intanet ya mutu.

Ba kuɗi kaɗai ba ne. Wanda yake Accra ranar 14 ga Maris 2024 ya san abin da ake nufi. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tare, hukumar sadarwa ta Gana, NCA, kuma ta ce gyara zai ci aƙalla mako biyar. A makonnin nan, mai fakitoci a ajiye a cikin gida ya iya kafa sabuwar na'ura. Wanda ba shi da su, sai kallon allo.

Shawarata tun daga farko: in sabobinka biyu ne ko uku, kwafe da hannu ya isa. In sun wuce haka, ka ware na'ura ɗaya ta zama ma'ajiya, ka sa mata apt-cacher-ng. Sauran hanyoyi na masu lalura ta musamman ne.

Me ya sa ba a jin tsoron fakitin da aka kwafo

Wannan ya kamata ya zauna a kai kafin a taɓa komai, domin kusan duk ɓarnar da ake yi daga rashin saninsa take fitowa.

Idan ka buga `apt update`, ba manhaja ake saukewa ba, jerin kaya ne. Da farko apt, manhajar da take saukewa da girka fakitoci, zai ɗauko fayil ɗin InRelease, wanda masu Ubuntu ko Debian suka sa wa hannu da mabuɗinsu na sirri. A cikinsa akwai lambar tantancewa ta SHA256 ta kowane fayil na Packages. A cikin Packages kuma akwai sunan kowane fakiti da sigarsa da girmansa da tasa lambar. Duk waɗannan suna zaune a `/var/lib/apt/lists/`. Da za a sauya ko harafi ɗaya a cikin fakiti, lambarsa ba za ta yi daidai da ta jerin ba, apt kuma zai ƙi shi.

To kun ga, apt bai damu da hanyar da fakiti ya biyo ba. Ko daga Landan ya zo kai tsaye, ko a filasha aka ɗauko shi cikin tiroro daga Circle, abin da yake dubawa shi ne ko ya dace da jerin da aka sa wa hannu. Muddin ka bar apt ya yi wannan binciken, kana cikin aminci. Ranar da ka kewaye shi, ka ɗauki alhakin a wuyanka.

Duba ko na'urorin tagwaye ne

A kan kowace saba:

```
cat /etc/os-release
dpkg --print-architecture
```

Fakitin Ubuntu 22.04, wato jammy, ba na 24.04 ba ne, wato noble. Na Debian 12 ba na Debian 13 ba ne. Na amd64 ba zai hau kan Raspberry Pi mai arm64 ba, sai waɗanda sunansu ya ƙare da `_all.deb`. In za ka kwafa da hannu, dole a daidaita. In ma'ajiya za ka kafa, ba komai, tana riƙe kowane iri a wurinsa, sai dai ribar tana ga masu kama da juna. Shi ya sa duk inda aka ba ni zaɓi nake cewa a tsaya kan zubi ɗaya na LTS, wato mai tallafi na dogon lokaci, a duk gidan.

Hanya ta farko: kwafe da hannu

Fakitocin da aka sauke suna sauka a `/var/cache/apt/archives/`. Ga wani tarko da yake kama mutane da yawa: `apt-get` yana barin su a nan bayan ya gama, amma `apt` share su yake yi da zarar an girka lafiya. Sai ka sabunta saba ta farko, ka leƙa foldar, ka tarar da ita wayam. Kafin komai, ƙirƙiri fayil `/etc/apt/apt.conf.d/01ajiye` ka rubuta wannan layi a ciki:

```
Binary::apt::APT::Keep-Downloaded-Packages "true";
```

Yanzu a saba ta farko:

```
sudo apt-get update
sudo apt-get --download-only dist-upgrade
```

Wannan saukewa kawai zai yi, ba zai girka komai ba. Sai ka tura wa ta biyu:

```
rsync -av /var/cache/apt/archives/*.deb admin@192.168.1.21:/tmp/kaya/
```

A kan ta biyu kuma:

```
sudo cp /tmp/kaya/*.deb /var/cache/apt/archives/
sudo apt-get update
sudo apt-get dist-upgrade
```

Kafin ka amsa da Y, tsaya ka karanta layin da yake faɗin yawan abin da za a sauke. In ka ga irin `Need to get 0 B/312 MB of archives`, wannan sifirin na gaba shi ne ribarka: komai yana gida. In ka ga 14 MB a wurin sifirin, ma'ana saba ta biyu tana da wasu manhajojin da ta farko ba ta da su, za ta ɗauko nasu kaɗai. Kar ka tsallake `apt-get update` a ta biyu. In jerinta tsoho ne, ba ta ma san an yi sabbin sigogin ba, za ta kalli fakitocin ta wuce.

Za ka ga wasu sunaye da `%3a` a tsakiya. Ba lalacewa ba ce, haka apt yake rubuta alamar ɗigo biyu ta cikin lambar siga. Bar su yadda suke.

Abu biyu nake hana yaran da nake koya wa aiki. Na farko shi ne `sudo dpkg -i *.deb` a cikin foldar da aka kwafo. Wani yaro ya taɓa ce mini, “Maigida, ai ya fi sauri, ba ya ma tambaya.” Rashin tambayar ita ce matsalar. dpkg ba ya duba jerin da aka sa wa hannu, kuma duk abin da ya tarar a foldar zai girka, har da manhajar da wannan saba ba ta buƙata, har da tsohuwar siga in tana kwance a wurin. Sabar ajiyar bayanai sai ta wayi gari da nginx a kanta yana sauraron ƙofa ta 80. Na biyu shi ne haɗa foldar `archives` ɗaya ga dukkan sabobi ta NFS, hanyar raba folda a netwok. A ido dabara ce mai kyau, amma apt yana kulle foldar da fayil ɗin `lock` idan yana aiki, don haka biyu ba za su yi tare ba, kuma mutum ɗaya ya buga `apt clean` ya share wa kowa.

Hanya ta biyu: ma'ajiya ɗaya da apt-cacher-ng

Kamar tankin ruwa ne a gidan haya: famfo ya kawo sau ɗaya, kowane ɗaki ya ɗiba. Saba ta farko da ta nemi fakiti, ma'ajiya za ta ɗauko mata daga waje ta riƙe kwafi. Duk wadda ta zo bayanta, daga cikin gida za a ba ta, da saurin wayar netwok ɗinka.

Ba ta son babbar na'ura. Tsohuwar kwamfutar tebur irin wadda ake samu hannu na biyu a Tip Toe Lane ta wadatar, in dai faifanta lafiyayye ne kuma akwai gigabait 30 zuwa 50 a sake. Abin da ya fi ƙarfin na'urar muhimmanci shi ne adireshinta kada ya riƙa canzawa, kuma a jona ta a UPS tare da rauta da suwic. Bari mu ce adireshinta 192.168.1.10.

Mataki na ɗaya, girkawa:

```
sudo apt-get install apt-cacher-ng
```

In ya tambaye ka ko a bar ramukan HTTP su wuce ta cikinsa, ka ce a'a tukuna, za mu zo kan wannan.

Mataki na biyu, buɗe `/etc/apt-cacher-ng/acng.conf`. Fayil ne mai tsawo, yawancinsa bayani. Layuka kaɗan ne namu:

```
CacheDir: /var/cache/apt-cacher-ng
Port: 3142
BindAddress: localhost 192.168.1.10
ExThreshold: 10
```

BindAddress yana hana ta sauraro a kan wani katin netwok da yake kallon waje. ExThreshold shi ne kwanakin da za a jira kafin a share fakitin da babu sauran jerin da yake ambatonsa. Asalinsa 4 ne. Nakan ɗaga shi saboda akwai sabar da takan yi mako a kashe. Sannan a `/etc/apt-cacher-ng/security.conf` ka sa suna da kalmar sirri a layin AdminAuth, don kada kowa ya shiga shafin kulawa ya danna sharewa. Sai:

```
sudo systemctl restart apt-cacher-ng
sudo ufw allow from 192.168.1.0/24 to any port 3142 proto tcp
```

Mataki na uku, gwaji. Daga wata kwamfuta a cikin gida buɗe `http://192.168.1.10:3142/acng-report.html` a burauza. Wannan ne shafin kulawa. In ya fito, ma'ajiya ta tashi.

Mataki na huɗu, a kan kowace saba, har da ita ma'ajiyar kanta, ƙirƙiri `/etc/apt/apt.conf.d/02maajiya`:

```
Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142";
```

Shi ke nan. Ba ka taɓa `sources.list` ba, ba ka taɓa `ubuntu.sources` da 24.04 ta koma amfani da shi ba. Kuma ko da wata saba tana kallon gh.archive.ubuntu.com, wata tana kallon archive.ubuntu.com, ma'ajiya ta san duka rumbu ɗaya ne, tana tara su a folda ɗaya mai suna `uburep`. Na Debian suna shiga `debrep`.

Mataki na biyar shi ne ka gani da idonka. A kan ma'ajiya:

```
sudo tail -f /var/log/apt-cacher-ng/apt-cacher.log
```

Ka je saba ta farko ka sabunta. Layuka za su fara gudu, kowanne an raba shi da sanda a tsaye: lokaci, harafi ɗaya, yawan bait, adireshin mai nema, sunan fayil. Harafin I na nufin abin da ya shigo daga waje, wato kuɗinka. Harafin O na nufin abin da aka miƙa wa saba. A zagayen farko za ka ga I da O suna bin juna. Da ka koma saba ta biyu, fakitocin za su zama O zalla, suna zubowa har ido ba ya iya bi, fitilar rauta kuwa ko ƙiftawar kirki ba ta yi. In Alhaji mai ofis yana shakkar amfanin tsohuwar kwamfutar da ka sa ya saya, wannan allon za ka nuna masa, ko teburin lissafin da yake shafin kulawa.

In kana da tsofaffin fakitoci a wata saba, kar su tafi a banza. Ƙirƙiri folda `/var/cache/apt-cacher-ng/_import`, zuba su a ciki, ka mallaka wa ma'ajiyar:

```
sudo chown -R apt-cacher-ng:apt-cacher-ng /var/cache/apt-cacher-ng/_import
```

Ka buga `apt-get update` a ɗaya daga cikin sabobi don ma'ajiya ta samu sabon jeri, sannan ka danna maɓallin Import a shafin kulawa. Waɗanda suka dace da jerin za ta karɓa, sauran ta bar su.

Rumbunan da suke kan HTTPS

Nan ne mutane suke cewa abin ya lalace. Ka ƙara rumbun Docker ko na wani kamfani, ka buga `apt update`, sai ga `403 CONNECT denied`. Dalili shi ne hanyar HTTPS a rufe take daga saba har zuwa can, ma'ajiya ba ta ganin abin da yake wucewa, balle ta ajiye. Mafita uku ce.

Mafi sauƙi, ka ce wa apt ya bi da HTTPS kai tsaye, ta hanyar ƙara wannan a fayil ɗin `02maajiya`:

```
Acquire::https::Proxy "DIRECT";
```

Zai yi aiki, amma babu ajiya. Ta biyu, PassThroughPattern a `acng.conf`, wanda yake barin hanyar ta ratsa ta cikin ma'ajiya, wato ramukan da aka tambaye ka wajen girkawa. Ita ma babu ajiya, amfaninta kawai ga sabar da ba a ba ta izinin fita waje da kanta ba. Ta uku ce mai riba. A wurin da aka rubuta adireshin rumbun, mayar da

```
https://download.docker.com/linux/ubuntu
```

zuwa

```
http://HTTPS///download.docker.com/linux/ubuntu
```

Da haka saba za ta yi wa ma'ajiya magana a buɗe a cikin gida, ma'ajiya kuma ta yi HTTPS ɗin da waje a madadinta, ta ajiye kwafi. Sa hannun rumbun yana nan, apt yana dubawa kamar kullum. Illarta ɗaya: wannan adireshin ba ya aiki sai ta ma'ajiya, ranar da take kashe wannan rumbun ba zai samu ba. Ni ga manyan fakitoci irin na Docker nake yin haka, ƙanana na bar su su bi kai tsaye.

In ma'ajiya ta mutu fa?

Dumsor, wato ɗauke-ɗauken wuta, ba ya sallama. In aka ɗauke wuta ma'ajiya ta mutu ba ta tashi ba, duk sabobin za su kasa sabuntawa, har da gyaran tsaron da suke yi da kansu, kuma shiru za su yi. Abu na farko, shiga BIOS na ma'ajiyar ka saita ta kunna kanta idan wuta ta dawo. Na biyu, koya wa sabobi su duba kafin su dogara da ita. Rubuta `/usr/local/bin/gano-maajiya`:

```
#!/bin/sh
case "$1" in https:*) echo DIRECT; exit 0;; esac
if nc -z -w 2 192.168.1.10 3142 2>/dev/null; then
  echo "http://192.168.1.10:3142"
else
  echo DIRECT
fi
```

Ba shi izinin gudu da `chmod +x`, ka tabbata akwai netcat-openbsd a na'urar, sannan ka maye gurbin layin `Acquire::http::Proxy` da yake `02maajiya` da wannan:

```
Acquire::http::Proxy-Auto-Detect "/usr/local/bin/gano-maajiya";
```

Wannan ya fi dacewa da laftof ɗin da ake fita da shi gida. Ga sabobi kuwa sai ka auna: in layinka na data mai ƙidaya ne, ma'ajiya ta mutu ba ka sani ba, za su koma cin kuɗinka a ɓoye. Ka riƙa leƙa fayil ɗin `apt-cacher.log` ko da sau ɗaya a mako.

Akasin haka ma yana faruwa: ma'ajiya tana raye, intanet ne babu. Sa `Offlinemode: 1` a `acng.conf` ka sake tayar da ita, za ta daina neman waje ta ba da abin da yake hannunta. Kar ka manta ka mayar da shi 0 in layi ya dawo.

Cika ta da dare

In layinka yana da bandul na tsakar dare mai rahusa, ko dai kana son rana ta zama ta masu aiki, zaɓi saba ɗaya daga kowane zubi ta riƙa jawo kaya kowa yana barci. A `/etc/cron.d/jawo-kaya`:

```
30 1 * * * root apt-get -qq update && apt-get -qq -y -d dist-upgrade
```

Da ƙarfe 1:30 za ta sauke ba tare da girkawa ba. Sabuntawar da Ubuntu take yi da kanta takan tashi ne daga ƙarfe 6 na safe, da ɗan jinkirin da bai wuce awa ɗaya ba, lokacin kaya sun riga sun iso. `systemctl list-timers` zai nuna maka lokutan. Ga masu gina hoton Docker, ƙara `--build-arg http_proxy=http://192.168.1.10:3142` yana sa apt na cikin ginin ya bi ta ma'ajiya, kuma a nan ribar ta fi yawa, tunda gini ɗaya ake maimaitawa sau da dama a yini.

Abubuwan da za su ba ka ciwon kai

Saba biyu iri ɗaya, ɗaya ta karɓi sabuntawa, ɗaya ta ce an jinkirta mata. Ba laifin ma'ajiya ba ne. Ubuntu tana sakin sabuntawar da ba ta tsaro ba kashi-kashi, kuma lambar shaidar kowace na'ura ce take yanke ko layi ya zo kanta. In kana son su tafi tare, ba su lamba ɗaya a saitin apt, wato `APT::Machine-ID`, ka sa abin da yake cikin `/etc/machine-id` na ɗaya daga cikinsu. A saitin apt kawai, kar ka taɓa fayil ɗin na ainihi. Gyaran tsaro ba a jinkirta shi.

`Hash Sum mismatch` yakan biyo bayan wuta ko layin da ya yanke ana tsakar saukewa. A kan sabar:

```
sudo rm -rf /var/lib/apt/lists/*
sudo apt-get update
```

In ya ci gaba a kan fayil ɗaya, gurɓataccen kwafin yana ma'ajiya. Nemo shi a ƙarƙashin `/var/cache/apt-cacher-ng`, share shi tare da ɗan'uwansa mai ƙarewa da `.head`, ka sake gwadawa. Duk wanda ya ce ka sa `--allow-unauthenticated` ko `trusted=yes` don saƙon ya ɓace, ƙararrawa ya ce ka cire, ɓarawon yana nan.

Saƙon da yake cewa fayil ɗin Release `is not valid yet` kuwa agogo ne. Tsofaffin na'urori batirin allon uwarsu ya mutu, wuta ta tafi ta dawo, sai su farka a wata shekara da ta wuce. Buga `timedatectl` ka gani. Mu a Gana mun huta da lissafi, agogonmu daidai yake da UTC duk shekara, don haka layin `Local time` da na `Universal time` dole su zama ɗaya. Batirin CR2032 ne, kuɗinsa bai kai na kwanon waace ba.

Sabar da ba ta da intanet ko kaɗan

Akwai na'urar da aka raba ta da waje da gangan, akwai kuma wadda take reshen da layi ba ya kai wa. A nan apt-offline ne gwani, kuma sai an girka shi a ɓangarorin biyu. A kan marar layi:

```
sudo apt-offline set bukata.sig --update
```

Ɗauki `bukata.sig` a filasha zuwa mai layi:

```
apt-offline get bukata.sig --bundle kaya.zip
```

Ka dawo da `kaya.zip`:

```
sudo apt-offline install kaya.zip
```

Wannan zagayen jeri kawai ya sabunta. Sai ka maimaita da `--upgrade` a wurin `--update`, ka kawo fakitocin, ka rufe da `sudo apt-get upgrade`. Zuwa biyu ne, babu makawa, domin na'urar ba za ta san abin da take buƙata ba sai ta ga sabon jeri. In Debian ce kar ka yi nawa a tsakani, jerin gyaran tsaronta yana da wa'adin kusan mako ɗaya, in ya wuce apt zai ƙi shi.

Kwafe rumbun gaba ɗaya da debmirror ko aptly ma ana yi, amma ɗaruruwan gigabait ne, yawancinsu manhajojin da ba za ka taɓa girkawa ba. Jami'a ko kamfanin intanet ne suke da hujjar wannan.

Waɗanda ba apt ba

Snap, ɗaya tsarin girka manhaja na Ubuntu, ba ya bi ta ma'ajiyar nan. `snap download` da sunan manhaja zai ba ka fayil biyu, mai `.snap` da mai `.assert`. Kwafe su duka, a can ka fara da `sudo snap ack` a kan na biyun, sannan `sudo snap install` a kan na farkon.

Masu Rocky Linux da AlmaLinux, sa `keepcache=1` a `/etc/dnf/dnf.conf` yana hana sharewa. Don rabawa, tara fakitocin a wuri ɗaya ka mayar da shi ƙaramin rumbu:

```
sudo dnf upgrade --downloadonly --destdir=/srv/rpm
sudo createrepo_c /srv/rpm
```

Ka buɗe foldar ga gida da nginx, a sauran sabobi kuma ka rubuta fayil a `/etc/yum.repos.d/` mai `baseurl` da yake nuna ta, da `gpgcheck=1`, da `cost=500`. Asalin wannan lambar 1000 ce, kuma in fakiti ɗaya yana rumbu biyu dnf yana ɗaukar na mai ƙaramar lamba, wato naka. A dangin RPM sa hannun yana jikin kowane fakiti, don haka binciken yana tafiya da shi duk inda aka kai shi. Duk lokacin da ka ƙara kaya a foldar, sake buga `createrepo_c`.

A ɓangaren Windows Server, aikin nan na WSUS ne, tsarin Microsoft na raba sabuntawa a cikin gida, wanda yake sauraro a ƙofa ta 8530, ko 8531 in ta HTTPS ne. A watan Satumba 2024 Microsoft ta sanar cewa ta daina ƙara masa sabbin abubuwa, amma yana nan yana aiki. In sabobin biyu ne ko uku, bai cancanci wahalarsa ba. Sabuntawar wata-wata tana fitowa ranar Talata ta biyu. Shiga Microsoft Update Catalog, nemi lambar KB ta wannan watan da ta dace da zubin sabarka, sauke fayil ɗin `.msu` sau ɗaya, ka ajiye shi a foldar da sauran suke gani. A kan kowacce ka buga `wusa` da sunan fayil ɗin da `/quiet /norestart`, ka sake tayar da su ɗaya bayan ɗaya in an tashi daga aiki.